Marigayi Houphouët-Boigny: wace takardar likita ce a hannun Tsoho?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, maganar takardun makaranta na 'yan takara sai ta taso. 'Yan uwanmu na Kano ba su manta da 1999 ba, shekarar da Salisu Buhari ya sauka daga kujerar kakakin majalisar wakilai ta Najeriya saboda takardar jami'ar Toronto da ta zamo ta jabu. A nan Abidjan ma, a rumfunan masu albasa na kasuwar Gouro ta Adjamé har zuwa Treichville, mukan ji ana gardama a kan marigayi Félix Houphouët-Boigny, shugaban Kodebuwa na farko, wanda aka fi sani da Tsoho. Wasu na cewa cikakken dokta ne, wasu na cewa ɗan koren likitan Turawa ne kawai. Wannan ne ya sa muka bi sawun karatunsa.

Tun daga ranar haihuwa akwai abin dubawa. Takardun gwamnati sun ce 18 ga Oktoba 1905 aka haife shi a Yamoussoukro, a gidan sarautar Baoulé. To amma a ƙauyukan wancan zamani babu mai rubuta haihuwa, kuma masana tarihi da dama na ganin ya girmi wannan shekara. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: in an bi takarda, yana da shekara 20 kacal ya gama karatun likita.

Makarantun da ya shiga kuwa babu jayayya a kansu. A 1915 aka kai shi Bingerville. A 1919 ya shiga makarantar William Ponty da ke tsibirin Gorée a Senegal, wadda daga baya Diori Hamani na Nijar da Modibo Keita na Mali suka yi karatu a cikinta. A 1921 ya wuce makarantar likitoci ta Dakar, ya fito a 1925, shi ne na ɗaya a ajinsu.

A nan ne gizo ke saƙar. Turawan Faransa sun buɗe wannan makaranta a 1918 ne don su sami baƙaƙen fata masu taimaka wa likitocinsu, musamman a asibitocin karkara. Takardar da take bayarwa ta mataimakin likita ce, waɗanda daga baya aka riƙa kira likitocin Afirka. Mai ita yana duba maras lafiya, yana ba da magani, yana allurar rigakafi, sau da yawa ma shi kaɗai ne a gunduma guda. Amma a ƙarƙashin Bature yake, albashinsa bai kai na Bature ba, kuma ba shi da izinin buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Faransa. Ke nan Houphouët bai riƙe digirin dokta irin na jami'o'in Faransa ba. A ganinmu, mai cewa ba likita ba ne ya zalunce shi, domin iyakar matakin da mulkin mallaka ya buɗe wa ɗan ƙasa a nan yankin ke nan, ya kuma kai ƙarshensa. Mai kiransa dokta shi ma ya ƙara gishiri.

Ya yi aiki a asibitin Abidjan, aka tura shi Guiglo a 1927, sannan Abengourou, Dimbokro da Toumodi. A Abengourou ya ga yadda ake cutar manoman koko baƙaƙe wajen farashi, har ya rubuta ƙorafi a jarida a 1932 da sunan aro. Bayan rasuwar ƙanensa ya karɓi sarautar Akouè, ya ajiye aikin asibiti, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu gonakin koko da kofi.

Gona ce ta kai shi siyasa. A 1944 ya kafa ƙungiyar manoman Afirka. A 1945 aka zaɓe shi depite a majalisar Faransa. A watan Afrilu 1946 aka kafa jam'iyyar PDCI a nan Treichville, kuma a ranar 11 ga wannan wata aka sa hannu a dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mallaka, dokar da ke ɗauke da sunansa har yau. Iyayenmu na Maradi da Damagaram da aka kwasa aikin hanya babu ko sisi sun san darajarta. Wani abin mamaki kuma, daga Nuwamba 1957 zuwa Mayu 1958, mutumin da takardarsa ba ta isa ya yi aikin likita a Paris ba, shi ne ministan lafiya na Faransa baki ɗaya.

Ya karɓi 'yancin kai a 7 ga Agusta 1960, ya yi shekara 33 a kan mulki, 30 daga ciki da jam'iyya ɗaya tilo. A 1963 ya ɗaure wasu ministocinsa da manyan 'yan boko bisa zargin ƙulla masa makirci, daga baya shi da kansa ya amsa cewa zargin ba shi da tushe. Ga mu baƙi kuwa, ƙofarsa a buɗe take. Ya bar mutanen Nijar, Mali da Haute-Volta su yi noma da fatauci, har ƙuri'a baƙi 'yan Afirka suna jefawa. A tsakiyar shekarun 1960 ya so a ba 'yan ƙasashen Conseil de l'Entente shaidar zama 'yan ƙasa biyu, mutanensa suka ƙi. Sai dai a ƙarshen mulkinsa, bayan farashin koko ya faɗi, aka ƙaƙaba mana katin zama da ya zame wa fatake alaƙaƙai a shingayen hanya.

A zaɓen 1990, na farko da ya yi da abokin hamayya, ya kara da Laurent Gbagbo, mai digirin dokta a fannin tarihi daga Paris, ya kuma kayar da shi da sama da kashi 80 cikin 100. Ya rasu a 7 ga Disamba 1993, aka yi jana'izarsa a Yamoussoukro cikin Fabrairu 1994. Tun 2012 jami'ar Cocody ke amsa sunansa, ita ce kuma ke yaye likitoci masu cikakken digirin dokta.