Gunpei Yokoi, Mai Gyaran Inji da Ya Ƙera Game Boy

An haifi Gunpei Yokoi a birnin Kyoto na ƙasar Japan a shekarar 1941. Ya karanci ilimin na'urorin lantarki a Jami'ar Doshisha, sannan a 1965 kamfanin Nintendo ya ɗauke shi aiki. A lokacin Nintendo ba ya yin wasan bidiyo, karta yake bugawa, aikin Yokoi kuwa shi ne kula da injinan da ke buga ta.

Idan aiki ya yi sauƙi sai ya riƙa ƙere-ƙere don ɗebe kewa. Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya ga wani hannun wasa da ya haɗa, mai miƙewa ya cafko abu daga nesa. Maimakon faɗa, sai ya ce a mai da shi haja. Aka sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya.

An ce a cikin jirgin ƙasa ya ga wani mutum yana ta danna kalkuleta don kashe lokaci. Daga nan ya samo dabarar Game & Watch, ƙaramar na'urar wasa ta aljihu da ta fito a 1980. A kan irinta ta Donkey Kong, ta 1982, aka sa maɓallin nan mai siffar alamar tarawa da ake dannawa sama, ƙasa, hagu ko dama. Ƙaramin abu ne a ido, amma a ganina shi ne babban gadonsa. A wasan tsalle-tsalle, inda kuskuren taku ɗaya ke jefa ɗan wasa cikin rami, babban yatsa na bukatar abin da zai amsa masa nan take. Nintendo ya ɗora maɓallin a kan na'urarsa ta gida, Famicom, a 1983, kuma har yau ana ganin irinsa a hannun 'yan wasa.

Shi ne kuma ya yi wa Shigeru Miyamoto, mai Mario, jagora sa'ad da yake sabon shiga. Sashensa ya fitar da Metroid da Kid Icarus a 1986, wasanni biyu da ba sa tausayin mai koyo. A Kid Icarus hawa sama ake yi, kuma duk wanda ya zame ya faɗa ƙasan allo, to ya mutu.

Aƙidarsa ita ce a ɗauki tsohuwar fasaha da ta yi araha, kowa ya san halinta, a nemo mata sabon aiki. Da ita ya kafe cewa Game Boy, wadda ta fito a 1989, ba za ta yi kala ba. Abokiyar hamayyarta Game Gear tana da kala, amma batir shida take ci, ta cinye su cikin 'yan sa'o'i. Game Boy huɗu take ɗauka, su kuma daɗe. Ita da ƙanwarta Game Boy Color an sayar da fiye da miliyan 118. Wannan hanya ce masu haɗa wasa da kansu, waɗanda ba su da babban kamfani a bayansu, suke bi yanzu. Celeste, wanda 'yan mutane kaɗan suka haɗa, ya fito a 2018 a kan Nintendo Switch da wasu na'urori. Zanensa irin na da ne, wahalarsa kuwa har lissafa wa mutum yake yi sau nawa ya mutu kafin ya kai ƙolin dutse.

Ba kullum Yokoi ya yi sa'a ba. Virtual Boy ta 1995, da ake leƙa cikinta a ga hoto ja da baƙi, ba ta karɓu ba, masu saye suka yi ta kukan ciwon kai. A 1996 ya bar Nintendo bayan shekara 31, ya kafa kamfaninsa mai suna Koto, ya fara haɗa wata na'urar aljihu da kamfanin Bandai.

Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta yi karo da wata a babbar hanyar Hokuriku. Ya fito don duba ɓarnar, sai wata mota ta buge shi, ya rasu yana da shekara 56. Na'urar da yake haɗawa, WonderSwan, ta fito a 1999, kuma an sa wa ɗaya daga cikin wasanninta na farko suna Gunpey don tunawa da shi.