Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da ya fara sauraron ƙasa kafin ya ɗora tubali

Duk lokacin da na tsaya a Funtua na dubi hanyar da ta nufi Zariya da wadda ta yi Birnin Gwari, sai in tuna da mutum guda wanda ɗaukakarsa ta bayyana a ƙarshen ta farko, ajalinsa kuma, in ji masu ruwaya, ya same shi a ƙarshen ta biyu. Wannan mutum shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ruwayoyi ke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da Babban Gwani.

Ya rayu a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da sababbin sarakuna ke neman masallatai da fadoji da za su dace da sabuwar daula. Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya kafa gidan sarautar Katsinawa kuma ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, shi ya ɗora masa aikin Masallacin Juma'a na Zariya. Babu siminti, babu ƙarfe. Abin da ke hannunsa shi ne jar ƙasa da azarar giginya da basirar da Allah ya hore masa.

A nan gwanintar take. Azara ba ta iya ratsa ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai ta lanƙwashe. Saboda haka magini kan kafa ta cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce 'yar'uwarta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakunan suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, an sami ɗaurin guga. Durugu ya kai wannan fasaha matuƙa, ya kuma ƙawata ginshiƙai da zane mai tudu da kwari. Aikinsa bai tsaya a masallaci ba: a fadar Sarkin Bauchi akwai soron da ake danganta masa, wanda ake kira da laƙabinsa, haka kuma a birnin Zariya akwai unguwar Babban Gwani, mazaunin zuriyarsa.

Ruwayar baka ta ce bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Irin wannan labari ya zaga duniya game da manyan magina, amma ko ba komai yana nuna darajar da mutanen da suke ba wa aikin hannu. Allah ya jiƙansa da rahama.

A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na masallacinsa da sabon gini na zamani. Da ba don Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, ya auna shi ya zana ba, har aka yi kwaikwayonsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, da mun rasa cikakkiyar siffarsa.

To, me ya kawo malamin harshe cikin sha'anin magina? Kuskurena ne ya kawo ni. Na gina wa mahaifiyata gida a ƙasar Malumfashi da zanen da na saya a birni, wanda mai shi bai taɓa taka filin ba. Aka yi falo babba, aka buga kwano, aka zuba tagogi suna fuskantar yamma. Bazara ta farko tsohuwa ta kwashe tabarmarta ta koma tsohon ɗakinta na ƙasa. Da kaka ta yi, buhunan masara da dawa suka cika falon, domin babu wanda ya tuna cewa gidan manomi ne. Baƙo ya yi sallama, sai ga shi tsakiyar iyali, don babu zaure.

Maginin gargajiya ba zai yi wannan ba. Shi yakan fara tambaya: ina alƙibla, ta ina ruwa ke bugowa, ina gangare? Da yake hadarin damina daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ake ƙara wa makuba, a kuma saita indararo yadda ba zai ci gindin gini ba. Zaure na baƙi, shigifa ta tsare mutuncin cikin gida, tsakar gida ta mata da yara, rumbu yana da gurbinsa. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, ya sake shi da dare. A aji kuwa, nakan tambayi ɗalibai ma'anar zanko ko makuba, sai a yi tsit. Kalma ba ta mutuwa sai sana'arta ta riga ta kwanta.

Ba ina cewa mu watsar da siminti ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, ruwan kudancin Katsina ya fi na arewacinta yawa, giginya kuma ta yi ƙaranci. Amma a makwabta an nuna ana iya haɗa tsohon ilimi da sabo. Masallacin Yaama na Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar bulon ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022.

Saboda haka, ya kai ma'aikaci da ke tara kuɗin gini, kafin ka biya kuɗin zane, kai mai zanen filin. Ya tsaya da hantsi, ya dawo da la'asar, ya zauna da wadda za ta yi girki a gidan, ya kuma nemi tsohon maginin garin ya saurare shi. Ni ban yi haka ba, ga shi har yau ina biyan kuɗin gyara.