Wilhelm Rontgen, wanda ya gano hoton cikin jiki

Duk mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a Maigatari yake ko a Gumel, da likita ya ce ya je a ɗauki hoton ƙirjinsa, yana cin gajiyar aikin wani Bajamushe ne da ya rasu a 1923.

An haifi Wilhelm Conrad Rontgen ranar 27 ga watan Maris na 1845 a garin Lennep na Jamus, ya kuma tashi a Holan. An kore shi daga makaranta a Utrecht, amma ya samu digirin digirgir a Zurich a 1869.

Ranar 8 ga Nuwamban 1895, yana gwaji a jami'ar Wurzburg da wani bututun gilashi da ya lulluɓe da baƙin kwali, sai ya lura wani allo a gefe yana ƙyalli. Wani haske ne da ido ba ya gani ya ratsa kwalin. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya raɗa masa suna X.

Ya shafe makonni kusan bai fita ɗakin binciken ba, sannan ya ɗauki hoton hannun matarsa, Anna Bertha, inda ƙasusuwa da zobenta suka fito.

Sirrin abin shi ne bambanci. Ƙashi yana tare hasken, tsoka ta tare kaɗan, iska kuwa ta bar shi ya wuce. Shi ya sa a hoton ƙirji haƙarƙari ke fitowa fari, huhu baƙi, tabon tarin fuka kuma ya bayyana a inda ya kamata a ga duhu.

A yanzu na'urar da ke haɗe da kwamfuta ta maye gurbin fim a asibitoci da dama. Ana iya gyara hoton bayan ɗauka, sai dai wannan sauƙi na iya ɓoye cewa an zuba wa majinyaci hasken fiye da kima.

A 1901 Rontgen ya zama mutum na farko da ya samu lambar Nobel a kimiyyar fiziks. Ya bai wa jami'ar Wurzburg kuɗin, ya kuma ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, matakin da ya sa asibitoci suka fara amfani da shi nan da nan.

Matarsa ta rasu a 1919, hauhawar farashin da ta biyo bayan yaƙin duniya na ɗaya kuma ta cinye ajiyarsa. Ciwon dajin hanji ya yi ajalinsa a Munich ranar 10 ga Fabrairun 1923, yana da shekaru 77.