Malam Ibrahim na Kano, Mafarin Isawa

A cikin malaman da suka zauna birnin Kano a ƙarni na 19 akwai wani wanda ba a cika jin sunansa a makarantunmu ba, ko da yake tarihin addinin Kirista a ƙasar Hausa ba ya cika sai da shi. Sunansa Malam Ibrahim. Bai taɓa sa ƙafa cikin coci ba, domin a zamaninsa babu coci ko ɗaya a ƙasar Kano, ba a kuwa yi masa baftisma ba. Duk da haka Hausawa Kiristoci na Wusasa, kusa da Zariya, suna lissafa shi cikin magabatansu. Mabiyansa su ne aka sani da suna Isawa, watau mutanen Annabi Isa, waɗansu kuma suna kiransu Bani Isra'ila.

Labarinsa ya iso mana ne ta bakin 'ya'ya da jikokin almajiransa. Likita Walter Miller, Baturen mishan na Zariya, ya ji daga gare su ya sa a cikin littafinsa mai suna Reflections of a Pioneer, wanda aka buga cikin 1936. Daga baya, a shekarun 1970, wani masanin tarihi mai suna Ian Linden ya sake bin sawun labarin. Saboda haka mai karatu ya riƙe a ransa cewa yawancin abin da zai ji nan ya fito ne daga bakin mutanen da ke ƙaunar malamin.

Kanon da Malam Ibrahim ya tashi a cikinta gari ne na ciniki da karatu. Sa'ad da Baturen nan Barth ya sauka a birnin cikin 1851 ya ƙiyasta mazaunansa sun kai dubu 30, ya kuma yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar suke kaiwa har bakin teku. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga ya kafu, gidan Ibrahim Dabo ke riƙe da sarauta tun 1819, malamai kuwa suna da daraja ƙwarai a fada da cikin unguwanni. An ce Malam Ibrahim yana cikin masu shiga fada, mutum ne mai zurfin sani a Alƙur'ani, yana da almajirai masu ɗaukar karatu a zaurensa.

A wajen wannan karatu ne hankalinsa ya tsaya a kan ayoyin da ke magana a kan Annabi Isa ɗan Maryamu, Alaihissalamu. Kowane almajiri ya san su. An ambaci sunansa sau 25 a cikin Alƙur'ani. An haife shi ba uba, ya yi magana yana cikin tsumman goyo, ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah. A Suratun Nisa'i an kira shi kalmar Allah da ruhi daga gare Shi, an kuma faɗa cewa Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Dubban malamai sun bi ta kan waɗannan ayoyi sun fahimce su yadda littattafan tafsiri suka bayyana, watau Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa, ɗaya daga cikin manyan Annabawa. Shi Malam Ibrahim sai ya ƙi wucewa. Tambayar da ta riƙe shi ita ce, wane irin matsayi ke ga wanda aka siffanta haka, wanda kuma yake raye a sama har yanzu? Daga nan ya kai ga ra'ayin da ya raba shi da sauran malamai, ya fifita Isa, ya ɗora begensa na lahira a kansa, ya shiga koya wa almajiransa haka.

Don a gane dalilin da ya sa maganarsa ta sami masu saurare, sai a tuna da lokacin. Ƙarni na 13 na Hijira yana gab da ƙarewa, domin shekara ta 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882. Mutane da yawa a daular Sakkwato sun ɗauka ƙarshen duniya ya matso. Ana ta zancen bayyanar Mahadi, da fitowar Dujal, da saukowar Annabi Isa wanda zai hallaka shi. Jama'a suna barin gonakinsu suna yin gabas don su tarbi Mahadi, har abin ya dami shugabanni, Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano takarda a kan wannan ƙaura. Ke nan Malam Ibrahim bai zo da sabon zance ba da ya ce Isa zai dawo. Inda ya bambanta shi ne, sauran mutane sun sa ido gabas suna jiran shugaban da zai gyara duniya, shi kuwa ya sa ido sama yana jiran mutum guda.

Wannan shi ne abin da ya sa Kiristoci suke ganin kansu a cikinsa. A koyarwar addininsu mai bi baƙo ne a duniya, gidansa na ainihi yana sama wurin Almasihu, yana kuma zaman jiran komowarsa. Galibi mutum yakan koyi wannan bege ne a coci, ta wurin wa'azi da waƙoƙi da zama da 'yan'uwa. Malam Ibrahim ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma kada a yi gaggawar kiransa Kirista. Isan da ya sani Isa ne na Alƙur'ani, kalmomin da ya yi tunani da su na zauren karatu ne, almajiransa kuma masu tsananin kaɗaita Allah ne. Abin da ya dace a ce shi ne, mutum ne da ya bi abin da ya gani a karatunsa shi kaɗai, har ya kai shi wurin da babu jama'ar da za ta karɓe shi.

To, a daidai wannan lokaci akwai wata ƙaya da ta tsaya wa sarautar Kano a maƙogwaro. Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza, na garin Tsakuwa, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, ya kwashi mutanensa ya shige duwatsun Ningi. Can ya haɗa kan Butawa da Warjawa da sauran mazauna duwatsun, aka kafa mulkin da ya ƙi bin Kano da Bauchi. A zamanin Ɗan Maje, wanda ya riƙi Ningi bayan Hamza da magajinsa, hare-haren Ningawa suka addabi kudancin Kano. Ƙasar Rano da Kibiya, har zuwa Sumaila da Tudun Wada, ta zama bakin daga. Manomi yana huɗa yana waiwaye, garuruwa suna gyara ganuwa, ana kama mutane daga ɓangarorin biyu ana sayarwa. Sarki Abdullahi ɗan Dabo, wanda ya hau gado cikin 1855, aka kuma fi saninsa da Maje Ƙarofi, ya sha fita yaƙi saboda wannan fitina.

Mai karatu zai ga yadda sarkin da ke cikin wannan hali zai dubi wani malami kuma, a tsakiyar birninsa, yana tara almajirai a kan koyarwar da ta saɓa wa ta sauran malamai. A ganinmu tsoron a sake samun wani Hamza ya yi nauyi a hukuncin da aka yanke, daidai da nauyin maganar aƙida. Sarki ya riga ya ga abin da malami ɗaya ya jawo masa.

Aka kira Malam Ibrahim fada. Bisa ga abin da zuriyar almajiransa suka riƙe, an nemi ya janye koyarwarsa, ya furta kalmar shahada cikakkiya a gaban jama'a, ya koma gida lafiya. Ya ƙi. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka tsire shi a kasuwar Kurmi wajen shekara ta 1867. Tsirewa kisa ne mai tsanani da ake yi a bainar jama'a don ya zama gargaɗi, kuma zaɓen kasuwa ya nuna ana so kowa ya gani. Sun ce kafin a kashe shi ya umarci mutanensa su bar birnin, ya kuma gaya musu Allah zai aiko da wanda zai kawo musu cikakken sani a kan Isa, su yi haƙuri su jira.

Almajiran suka watse. Waɗansu suka yi kudu maso gabas, suka ratsa wannan yanki na yaƙi suka shiga Ningi, inda hannun Sarkin Kano ba ya kaiwa. Waɗansu suka bazu cikin ƙauyukan gabashin Zazzau. A cikin waɗanda suka ci gaba da koyarwar ana ambaton wani Malam Yahaya. Ba su gina ɗakin ibada na musamman da za a san su da shi ba, ba su da wata hukuma da ke tara su. Manoma ne da ƙananan malamai, uba yana gaya wa ɗa abin da ya ji, abin da suka gada kuwa bai wuce wasiyyar jira ba. A nan ne abin mamakin yake. Yawancin ƙungiyoyin da suka taso a kan zancen ƙarshen duniya sukan mutu da mutuwar shugabansu, ko kuwa idan lokacin da aka sa rai ya wuce ba abin da ya faru. Shekara ta 1300 ta zo ta wuce. Aka yi yaƙin basasar Kano daga 1893. Turawa suka ci birnin cikin 1903. Isawa suna nan suna jira, har wajen shekara 46 bayan kisan malaminsu.

Shi kuwa Likita Miller, wanda ƙaddara za ta haɗa su da shi, ya koyi Hausa ne a Tarabulus wurin alhazai da fatake. Yana cikin ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. da ya iso Kano cikin 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Cikin 1905 ya sami zama a birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, amma shekara da shekaru waɗanda suka karɓi addininsa ba su taka kara sun karya ba. Sai cikin 1913 waɗansu daga cikin zuriyar Isawa suka zo wurinsa, sun ji labarin akwai wani Bature da ke magana a kan Isa. Suka ba shi labarin Malam Ibrahim da wasiyyarsa. Ana iya kwatanta yadda zuciyar mutumin da ya yi shekara 13 yana shuka a kan dutse ta kasance a ranar.

Haɗuwar ba ta zo da sauƙi ga kowa ba. Abin da mishan ke koyarwa game da Yesu, cewa Ɗan Allah ne, an gicciye shi ya mutu ya tashi, ya yi nisa da abin da aka gada daga zauren Malam Ibrahim. Waɗansu Isawa suka karɓa, suka ce wannan ne cikar abin da aka ce su jira. Waɗansu suka ƙi, suka zauna a ƙauyukansu a kan abin da suka sani.

Waɗanda suka karɓa aka tara su a wani wuri da ake kira Gimi, a ƙasar Zazzau, cikin 1914, aka sa wani Fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka share daji, suka gina gidaje da makaranta da coci. A karo na farko mutanen da suka yi kusan rabin ƙarni suna riƙe da bangaskiyarsu a ɓoye suka sami jama'a tasu. Ba su daɗe da jin daɗin wannan ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga garin, ya yi ta ɗaukar manya da yara. Cikin 'yan shekaru Gimi ta zama kufai. Begen sama, wanda kakanninsu suka riƙe a matsayin wasiyya, ya zama abin da ake karantawa a bakin kabari kusan kowane wata. Wannan ciwo dai shi ne ya sa daga baya gwamnatin Turawa ta tashi mutanen Anchau, a wannan yanki, ta gina musu sabon gari mai suna Takalafiya.

Waɗanda suka tsira suka koma wurin mishan a Zariya. Cikin 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da tubali da azara irin ginin Hausa, tare da asibiti da makaranta. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aikin da Miller ya ɗauki shekaru yana yi tare da mataimakansa Hausawa. Shi kansa Miller ya bar C.M.S. cikin 1935, ya rasu a Bukuru cikin 1952.

Daga zuriyar Isawan nan aka sami Malam Bulus Audu. Ɗansa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau cikin 1927, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙi Ma'aikatar Harkokin Waje ta Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Ya rasu cikin 2005.