Edsger Dijkstra, malamin da ya nuna iyakar gwaji

An haifi Edsger Dijkstra ran 11 ga watan Mayu na shekara ta 1930 a birnin Rotadam, ƙasar Holanda. Mahaifinsa malamin kimiyyar haɗa magunguna ne, mahaifiyarsa kuwa gwanar lissafi. Ya yi karatu a jami'ar Laidan, kuma tun bai ƙare ba, a shekara ta 1952, Cibiyar Lissafi ta Amstadam ta ɗauke shi aikin rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa tsarin umurnin da take bi. Sana'ar sabuwa ce ƙwarai a lokacin nan, har ma da ya tashi aure a 1957 hukuma ta ƙi rubuta ta a takardar aure, don a ganinta babu irin wannan sana'a.

A 1956 ya gano dabarar da na'ura za ta bi ta fitar da hanya mafi gajarta tsakanin gari da gari, cikin minti ashirin, yana zaune wurin shan gahawa, ba takarda ba alƙalami. Amma abin da ya fi damunsa duk rayuwarsa shi ne yadda mutum zai tabbata tsarin da ya rubuta daidai yake.

Al'adar ma'aikata ita ce su rubuta tsari, su gwada shi sau ɗari ko dubu, in ba su ga kuskure ba su ce ya yi. A taron masana da ƙungiyar OTAN ta kira a Roma a 1969, Dijkstra, wanda ya riga ya zama farfesa a Aindohan tun 1962, ya nuna musu cewa gwaji yana iya tona kuskuren da ke akwai, amma ba ya iya shaida cewa babu saura. Ya kawo hujja cikin rubutunsa da misalin sashen na'ura mai ninka lambobi biyu, kowace mai gurbi 27 a ƙidayar na'ura. Ninki guda ba ya cin ko ƙiftawar ido, amma wanda ya ce sai ya gwada dukan lambobin da za su iya haɗuwa zai shekara fiye da 10,000 bai gama ba. To, in haka ne ga ɗan sashe guda, ina ga tsarin da ke riƙe da kuɗin banki ko tashin jirgin sama?

Maganin da ya kawo shi ne a gina tsari daki-daki, ana kafa hujjar ingancinsa ta lissafi tun ana rubuta shi. Mutane da yawa sun ga abin ya yi tsauri, shi kuwa ba mai sassauta harshe ba ne. Ma'aikata ba su bar gwaji ba, kuma a ganinmu sun yi daidai. Amma maganar tasa ta zama ƙa'ida ta farko da ake koya wa masu wannan aiki.

An ba shi lambar girma ta Turing a 1972. Ya koyar a jami'ar Teksas ta Amurka daga 1984 zuwa 1999. Ya bar takardu fiye da 1,300, da dama daga cikinsu da alƙalamin tawada ya rubuta su da hannunsa. Ciwon daji ya kashe shi a garin Nunen na Holanda ran 6 ga watan Agusta na 2002, yana da shekara 72.