Likita Stirrett, Bature Mai Magani: Mutumin da Ya Sauya Wurin Ajiyarsa

Karatu: Matta 6:19-21, Kolosiyawa 3:1-4

A cikin karatunmu na yau Ubangiji Yesu ya gwada mana ajiya iri biyu: ta ƙasa, wadda asu da tsatsa da ɓarayi suke iya taɓawa, da ta sama, wadda hannu ba ya kai gare ta. Bari mu dubi wannan koyarwa cikin rayuwar wani dattijo wanda ya gama kwanakinsa a nan Jos.

An haifi Andrew Park Stirrett a ƙasar Kanada cikin shekara ta 1865. Ya koyi aikin haɗa magunguna, Allah kuwa ya buɗe masa hanya, har ya mallaki kantunan magani da gidaje a birnin Toronto. Dukiyarsa ta halal ce, da guminsa ya same ta.

Ana nan sai labarin ƙasarmu ya kai gare shi ta hannun Rowland Bingham. A shekara ta 1893 Bingham da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka a Ikko da niyyar kai Bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran waɗannan ƙasashe a zamanin nan. Shekara ta 1894 ba ta ƙare ba sai da Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Stirrett ya san da wannan duka. Duk da haka ya rabu da kantunansa, ya danƙa dukiyarsa ga mishan, ya bi ta Ingila domin ya ƙara sanin cututtukan ƙasashen zafi. Ya iso Patigi, a bakin Kwara, cikin 1902, yana da kusan shekara 37. Waɗansu suna ganin ya yi girma ga irin wannan aiki, amma sai da ya yi shekara fiye da arba'in a cikinsa.

Ya ba da zuciyarsa ga Hausawa. A Wushishi yakan je zango ya zauna tare da fatake, yana ba marasa lafiya magani, yana koyon harshensu daga bakinsu, yana kuma gaya musu labarin Yesu. Saboda haka aka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya matsa wa 'yan'uwansa masu mishan su riƙa shan kwini kowace rana domin zazzaɓi kada ya ƙare su. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Likita Walter Miller na Zariya, aka buga shi cikin 1932. Ya kuma shirya waƙoƙin sujada da Hausa.

Da tsufa ya zo yana zaune a Jos. A lokacin nan mutane suna ta kwararowa kan dutse daga kowace kusurwa domin neman kuɗin kuza. Shi kuwa, wanda ya taɓa riƙe dukiya ya sake ta, kullum yakan tafi kasuwa ya tsaya cikin taro yana wa'azi. Haka ya yi ta yi har ya rasu cikin 1948, ya haura shekara 80.

A nan akwai abin lura. Neman abubuwan sama bai fitar da shi daga kasuwa ba, cikinta ma ya kai shi. Bai jefar da sanin magani ba, sai dai ya sauya wanda yake yi wa bauta da shi. Manzo Bulus da ya gargaɗi Kolosiyawa su sa hankalinsu ga abin da ke sama, cikin wannan sura ɗaya ya umarce su su yi aikinsu da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji.

Mu da muke taruwa a Anguwan Rukuba mun ga ƙarshen ajiyar ƙasa da idonmu. Cinikin kuza ya faɗi, ya bar mana ramuka cike da ruwa. Babbar kasuwar Jos ta ƙone cikin 2002, wahalar shekaru ta zama toka cikin dare ɗaya. Amma Maganar Allah da Hausa tana hannunmu har yau. Ba dukanmu aka kira mu sayar da kanti ba, amma kowannenmu yana da abin da zuciyarsa ta kwanta a kai, can kuwa ajiyarsa take.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne Stirrett ya bari, mene ne kuma ya riƙe?
2. Ta yaya ɗan kasuwa ko manomi zai nemi abin da ke sama yana cikin sana'arsa?
3. Wane abu ne in mun rasa shi yau za mu ce mun rasa kome?