Waliyi Yohana Vianney, Fadan Ƙauyen Ars

Ranar 4 ga watan Agusta kowace shekara, sa'ad da damina ta yi tsakiya kuma yawancinmu muna gona, Ikilisiya Katolika takan yi idin Waliyi Yohana Mariya Vianney. Ɗan manomi ne, ya kuwa yi shekara 41 yana hidima a ƙauye ɗaya tak a ƙasar Faransa. Ya kamata mu da muke zaune a karkara mu san tarihinsa, gama sau da yawa mukan ɗauka cewa ƙaramar majami'ar ƙauye ba a bakin kome take ba.

An haife shi ranar 8 ga Mayu, 1786, a Dardilly, wani ƙauye kusa da birnin Liyon. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida na Matiyu Vianney da matarsa Mariya. Yana ɗan shekara uku aka soma juyin juya halin Faransa a 1789. Ba da daɗewa ba hukuma ta tilasta wa firistoci su yi mata rantsuwar biyayya. Waɗanda suka ƙi, aka kori wasu, aka kashe wasu, sauran suka ɓuya. Aka rufe majami'u, ƙararrawa ta yi shiru. A waɗannan shekaru cikin gidaje ne bangaskiya ta sami mafaka. Mahaifiyarsa ce ta koya masa addu'a. Iyalin sukan yi tafiyar dare zuwa wani rumbu ko gidan gona inda wani Fada da ya ɓad da kama zai yi Misa. A 1799, yana da shekara 13, ya karɓi Tarayya Mai Tsarki ta farko a ɓoye cikin wani gida a Ecully. An jera amalanke cike da ciyawa a bakin tagogi, maza suna ta saukewa, don kada mai wucewa ya gane abin da ake yi a ciki.

Yohana ya tashi yana kiwon tumaki da noma, karatunsa kuwa kaɗan ne. Da aka sake buɗe majami'u, sai ya bayyana nufinsa na zama firist. Mahaifinsa ya yi jinkirin yarda domin yana bukatarsa a gona. Sai da ya kai wajen shekara 20 ya shiga makarantar da Fada Balley ya buɗe a Ecully, ya zauna aji ɗaya da yara ƙanana waɗanda suka fi shi saurin fahimta. Harshen Latin, wanda da shi ake koyar da firistoci a lokacin, ya gagare shi.

A 1809 aka kira shi aikin soja a rundunar Nafoliyon. Rashin lafiya ta sa ƙungiyarsa ta tafi ta bar shi, daga baya kuma ya ɓuya a wani ƙauyen kan dutse mai suna Les Noës fiye da shekara ɗaya, yana koya wa yara karatu. Ƙanensa Faransuwa ya shiga soja a madadinsa, bai kuwa dawo gida ba. Wannan abu ya zauna a zuciyar Yohana dukan kwanakinsa.

A 1813 ya shiga babbar seminari ta Liyon, amma aka sallame shi saboda ya kasa jarrabawa. Da ba don Fada Balley ba, da tarihin ya ƙare a nan. Dattijon ya ɗauke shi gida, ya koya masa da harshen Faransanci, ya kuma roƙi shugabanni su dubi ibadarsa da halinsa. Aka naɗa shi firist a Grenoble cikin Agusta 1815, yana da shekara 29. Da fari ma ba a ba shi izinin jin furcin zunubi ba. Ya yi aiki a ƙarƙashin Fada Balley har rasuwar dattijon a ƙarshen 1817.

Cikin Fabrairu 1818 aka aike shi Ars, ƙauye mai mutum kamar 230, wajen kilomita 30 arewa da Liyon. Ana ganin wurin ya dace da firist marar ilimi. Ya ɓata hanya saboda hazo, sai wani yaro makiyayi ya nuna masa, shi kuwa ya yi wa yaron alkawari zai nuna masa hanyar sama. Mutanen Ars ba mugaye ba ne, sai dai sun tashi a zamanin da babu mai koya musu. Ana aikin gona ranar Lahadi, gidajen giya huɗu suna cinye kuɗin magidanta, yara da yawa ba su san ko alamar gicciye ba.

Bai soma da faɗa ba. Tun kafin gari ya waye yakan durƙusa gaban bagadi yana roƙon Allah ya juyo da zukatan jama'arsa. Da tsakar rana, lokacin da iyali suke cin abinci, yakan bi gida gida, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi tambaya a kan shanu da alkama da lafiyar yara, gama ya san aikin gona sarai. A haka ya san kowa da sunansa. Kayan ɗakinsa ya rarraba wa matalauta. Abincinsa dankalin Turawa ne, wanda yakan dafa tukunya guda ya yi kwanaki yana ci. Ya yi wa jikinsa tsanani ƙwarai, har daga baya shi da kansa ya yarda cewa ya wuce gona da iri a ƙuruciyarsa.

Wa'azinsa na shekarun farko ma yana da zafi, musamman a kan maye da raye-rayen dare da aikin Lahadi. Wannan ya jawo masa ƙiyayya. Aka yi masa ƙazafi, wasu suka nemi a ɗauke shi. Waɗansu firistoci maƙwabta suka rubuta takardar ƙara cewa ba shi da ilimin da zai shiryar da rayuka. An ce da takardar ta faɗo hannunsa, sai ya sa hannu shi ma ya aika wa Bishop. Da shekaru suka yi nisa, maganarsa ta yi taushi, ya fi yawan magana a kan jinƙan Allah da kasancewar Yesu cikin Sakramen Mai Albarka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Fada Vianney kuwa ya san haka. Ya tara mata cikin ƙungiyar Rosari, ya farfaɗo da ƙungiyar Sakramen Mai Albarka ta maza. Tare da mutanen gari aka gyara majami'a, aka gina hasumiyar ƙararrawa. Ya zaɓi 'yan mata biyu na yankin, Katarina Lassagne da Benoîte Lardet, ya biya kuɗin horonsu, a 1824 suka buɗe makarantar 'yan mata kyauta. Daga 1827 gidan ya soma karɓar marayu, har yawansu ya kai wajen 60. Akwai kuma wani tsohon manomi da yakan ajiye kayan aikinsa a ƙofar majami'a, ya zauna shiru gaban Sakramen. Da Fada ya tambaye shi abin da yake yi, sai ya amsa cewa yana duban Ubangiji ne, Ubangiji kuma yana dubansa. Fada Vianney ya riƙa ba da labarin wannan manomi cikin koyarwarsa har tsufansa.

Cikin shekara goma Ars ta sāke. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa daga nesa domin furta zunubansu. Wanda a dā aka hana shi wannan aiki, ga shi yana zama awa 11 zuwa 12 kowace rana a lokacin sanyi, har awa 16 a lokacin zafi, yana sauraron masu tuba. Yakan fara tun wajen ƙarfe ɗaya na dare, da ƙarfe 11 na safe kuma ya koyar da katikisim. A shekarunsa na ƙarshe dubban mutane ne suke zuwa kowace shekara, har da bishop-bishop da manyan malamai.

Duk da haka, nauyin rayukan da aka danƙa masa ya riƙa ba shi tsoro. Ya yi ƙoƙarin barin Ars fiye da sau ɗaya domin ya keɓe kansa ga addu'a. A 1853 ya fita da dare, sai aka kaɗa ƙararrawa, mutanen ƙauye suka fito suka kewaye shi suna roƙo, ya juya ya koma majami'a. Ƙauyen da wasu mutanensa suka so a kore shi, shi ne ya hana shi tafiya. Ya rasu ranar 4 ga Agusta, 1859, yana da shekara 73. Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin waliyyai a 1925, a 1929 kuma ya mai da shi majiɓincin firistocin parish. Paparoma Yohana Bulus na 2 ya ziyarci Ars a 1986.

'Yan'uwa, da yawa cikin ƙauyukanmu ba sa ganin Fada sai bayan makonni. Ku tuna cewa wannan waliyi ya koyi bangaskiya a bakin mahaifiyarsa a shekarun da majami'a take rufe. Iyaye, kada ku jira zuwan Fada kafin ku koya wa 'ya'yanku addu'a. Ku riƙe katikis ɗinku da daraja, ku taru ranar Lahadi ko da babu Misa, ku sa 'ya'ya mata a makaranta, ku dubi marayun da ke cikinku. Mu kuma firistoci, musamman matasa, kada wanda aka aike shi ƙauye ya ɗauka an yar da shi. Ya koyi sunayen mutanensa, ya san gonakinsu, ya zauna tare da su.

Waliyi Yohana Vianney, ka yi addu'a domin ƙauyukanmu da firistocinmu. Amin.